Wasiƙa zuwa ga ɗana, a kan “ni” da “mu”

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Littafin da ka bari a kan tebur, Anthem na Ayn Rand, labarin al'ummar da aka haramta kalmar “ni”, kowa sai dai ya ce “mu”, na karanta shi a dare biyu, don ba shi da kauri. Na kuma karanta jingar da ka turo mini, har da inda ka ja layi ƙarƙashin maganarka cewa duk inda aka ce “mu” to an shirya danne wani ne. Ban so in ba ka amsa ta waya ba, don ka san halinmu ni da kai, kafin ɗaya ya dire ɗaya ya ɗauka.

Matar nan tana da dalilinta. An haife ta a St. Petersburg a 1905, tana yarinya 'yan Bolshebik suka ƙwace kantin maganin mahaifinta bayan juyin juya halin 1917, da sunan talakawa. Ta bar Rasha zuwa Amurka a 1926, littafin kuma ya fara fitowa a Ingila a 1938. Wanda aka raba gidansu da abin dogaronsa da sunan jama'a, ba za ka ga laifinsa ba idan kalmar jama'a ta riƙa yi masa ɗaci. Kuma ba ita ta fara ba. Marubucin Rasha Yevgeny Zamyatin ya riga ta da littafinsa We (wato “Mu”), labarin wani mutum mai lamba D-503 da gidajensu na gilashi da ba sa ɓoye kowa, littafin da ya fito da Ingilishi a 1924 amma ba a buga shi a Tarayyar Sobiyat ba sai 1988, shekara hamsin da ɗoriya bayan mutuwar marubucin.

Kai wurin ƙona mutumin da ya furta haramtacciyar kalma ne ya fi girgiza ka, na gani a jingarka. Ni ba nan ba ne. Wuri biyu ne suka hana ni barci, dukansu babu wuta babu jini. Na farko, lokacin da yaron da labarin yake kansa, Equality 7-2521, yake gidan ɗalibai, ya ga karatu yana yi masa sauƙi fiye da sauran, malamai suna haɗe masa rai. Me ya yi? Ya dubi wani yaro mai nauyin fahimta a ajinsu, ya shiga ƙoƙarin manta darasi don ya zama kamarsa. Tun kafin majalisar raba sana'o'i ta miƙa masa tsintsiyar sharar titi yana ɗan shekara 15, shi da hannunsa ya fara rage wa kansa tsawo. Na biyu, ranar da ya gudu daga gidan horo bayan ya sha bulala. Makullan sun tsufa, ƙofa babu mai gadi, domin ba a taɓa samun wanda ya yi tunanin fita ba. Ka tsaya a nan, ɗana. Mulkin da ya kai ga sallamar masu gadi ya gama aikinsa, kowa ya zama gandiroban kansa.

Na san wannan ƙofar, don na taɓa zama a bayanta. Ina matashi a wurin aiki, aka kawo wani lissafi a taro, ni kuma na kwana a kansa na san akwai kuskure. Aka ce wa ya amince, hannuwa suka tashi, nawa ma ya tashi. Babu wanda ya yi mini barazana, ko harara ba a yi mini ba. Kunyar zama saniyar ware ce kawai. Bayan wata huɗu kuskuren ya fito fili, aka ɗora shi a kan wani ƙaramin ma'aikaci wanda ko taron bai halarta ba. Har yau idan na tuna fuskarsa sai in ji nauyin hannun nan nawa. Ban taɓa gaya wa mahaifiyarka ba, kai ma don littafinka ya tono ne.

Saboda haka idan ka ga na saɓa maka a gaba, ba don ina so ka zama ɗan amshi ba ne.

Ka koma ramin da yaron yake ɓuya yana bincikensa. Wa ya haƙa shi? Wayar da ya sa wa wuta ta yi haske a cikin akwatin gilashi, wa ya ƙera ta? Mutanen da suka mutu tun zamanin da aka hana ambata. Takardun da ya koyi ilimi a ciki, sato su ya yi daga gidan masana. Abokinsa ya ga ramin tare da shi ya rufa masa asiri, alhali ya san hukuncin yin shiru. Kai, ita kanta kalmar “ni” ba daga kansa ta tsiro ba, a littattafan wasu ya tsince ta, a gidan da wasu suka gina a bayan daji. Marubuciyar tana so mu ga mutum ɗaya tsaye da ƙafarsa, ni kuwa duk inda na duba sai in ga kafaɗun da ya taka. Kuma da ya ƙera fitilar, ina ya nufa da ita? Wurin majalisar masana, don mutane su amfana. Su ne suka ƙi, suna cewa za ta karya ma'aikatar kyandir, kyandir ɗin da sai da aka shekara 50 kafin majalisu su gama amincewa da shi. (A nan na yi dariya ni kaɗai cikin dare, duk wanda ya taɓa zama a kwamiti ya san marubuciyar ba ta yi ƙari sosai ba.) Laifin masanan ba taruwa ba ne. Laifinsu shi ne taronsu ba shi da kujerar wanda zai ce a'a.

Ƙarshen littafin bai kwanta mini ba, gaskiya. Yaron ya raɗa wa kansa suna Prometheus, wanda ya kawo wa mutane wuta a tatsuniyar Girkawa, madalla. Sai kuma ya juya ga yarinyar da ta biyo shi daji, wadda ta bar komai da zaɓin kanta, ya zaɓa mata suna shi ma. Mutumin da ya tsere wa masu raba wa mutane suna da lamba! Ban ga ka taɓo wannan a jingarka ba.

Ga wani abu daga rayuwar marubuciyar. A shekarun 1950, a New York, wasu matasa masu sha'awar tunaninta suna taruwa a gidanta, cikinsu har da Alan Greenspan wanda daga baya ya shugabanci babban bankin Amurka. Don raha suka sa wa ƙungiyarsu sunan abin da suka fi ƙi, wato tsarin gamayya. Rahar ta so ta zama gaske: da yawa daga waɗanda suka zauna da ita sun ba da labarin yadda saɓa mata ke jawo a yanke hulɗa da mutum, kuma a 1968 ta raba gari da babban almajirinta, Nathaniel Branden, a bainar jama'a. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Abin da ya sa na kawo wannan, lokacin hutu na ji ka da abokanka uku kuna hira a kan littafin. Ku huɗu, ra'ayi ɗaya, har kalmomin iri ɗaya, kuna yi wa sauran 'yan ajinku dariya wai tumaki ne. Na so in leƙo in tambaya ko a cikinku akwai wanda littafin bai burge ba, kuma in akwai, zai iya faɗa a wannan zaman? Bin Yarima a sha kiɗa ba ya canja suna don Yariman yana wa'azin 'yancin kai.

Ni dai abin da nake dubawa idan na ji an ce “mu” shi ne: an tambaye ni kafin a faɗa? Idan na ƙi, zan kwana lafiya? Wanda ka gaida ya ce maka “muna lafiya” bai ƙwace bakin kowa ba, ya haɗa kansa ne da waɗanda yake ƙauna. “Mu” ɗin littafin nan kuwa wasu tsiraru ne a majalisa suke magana da bakin kowa. Jingarka ta zuba biyun a tukunya ɗaya, kuma a nan malaminka zai kama ka idan ya san aikinsa.

Kada ka gyara ta don na faɗa, in ka yi haka ka maimaita ɗaga hannuna a taron nan. Ka sake karanta babin gudu daga gidan horo da babi biyu na ƙarshe, idan har yanzu kana kan bakanka, ka rubuto mini hujjarka, ina jira. Na ɗan yi rubutu da fensir a gefen shafuka, ka yi haƙuri, yana gogewa. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka rage kwana a kan waya.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.