Wasiƙa a kan ɗakin Gwaggo

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, kuma sanyin ƙasar da kuke bai matsa muku ba. Mu nan Kano alhamdu lillahi, hunturu ya shigo, hazo ya lulluɓe Dala da Goron Dutse.

Ka tambaye ni labarin Gwaggo, har ka ce in dai tara kaya ne ai gadon gidanmu ne, tunda Baba ma, Allah ya jiƙansa, haka yake. Na daɗe ina juya wannan magana a raina, kuma ina ganin ka haɗa abubuwan da ba ɗaya ba, kamar yadda ni ma na haɗa su har na yi kuskuren da nake nadamarsa.

Ka tuna akwatin ƙarfen Baba da ke ƙarƙashin gadonsa. A ciki akwai kuɗin wuri, da anini da kwabo masu huda a tsakiya, da taro da sisi da sule, da takardun fam da aka daina karɓa bayan shigowar naira a 1973. Kowane iri yana ƙulle a ƙyallensa, kuma ko cikin duhu ka tambaye shi zai laluba ya ɗauko maka, ya gaya maka abin da sule ɗaya yake saya a Kurmi yana yaro. Haka rubuce-rubucen ajami da ya gada, suna cikin gafaka, duk ƙarshen damina sai ya fito da su su sha iska don gudun gara da danshi. Yana jin daɗin nuna wa baƙo, kuma idan yana da abu biyu iri ɗaya yakan ba da ɗaya kyauta. Aikin da Gidan Makama, gidan adana kayan tarihi, yake yi wa gari, shi Baba yake yi wa gida. Jeren iyayenmu mata ma, na samira da tasoshi da fanteka, duk yawansa a tsare yake, mai ɗaki ta san adadinsa.

Shirgi kuma daban ne, kusan kowane gida yana da shi. A sitona akwai mataccen janareta, da fanka mai karyayyen fiffike, da takalman da yara suka girme. Rashin lokaci ne ya tara su, kuma ranar da mai bola jari ya ratso layinmu da kurarsa na sayar da rabinsu, na ji sakayau.

Na Gwaggo ba haka yake ba. In ka ɗaga labulen ɗakinta, ledoji ne a ninke cikin ledoji, da robobin lemo, da gwangwanayen madara, da fasassun ƙore, da zannuwan da ba a taɓa kai wa tela ba, sun hau kan juna har sun toshe taga. Gadon ya ɓace a ƙarƙashin kaya shekaru da dama, a kan tabarma take kwana a bakin ƙofa, rishonta kuma yana dab da tulin tsummokara. Ba ta san abin da ke ƙasa ba, ba ta nuna wa kowa, hasali ma ta daina barin jikokinta su shiga. Kowane abu ka taɓa sai ta ce, "Bar shi, ajiya maganin wata rana."

Bara, da ta tafi biki ƙauye, muka haɗu da yaran gida muka kwashe ɗakin tas, muka wanke, muka shimfiɗa sabon zanin gado, muna ganin alheri muka yi mata. Da ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa, jakarta a hannu, ta daɗe ba ta ce uffan ba, sannan ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka irin na wanda aka yi wa rasuwa. Kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba. Kafin azumi ya zagayo ɗakin ya sake cika, ta kuma sa masa kwaɗo. Ni ne na kawo shawarar, kuma har yau idan na gaishe ta ina jin amsar ba irin ta da ba ce.

Daga baya wani likita da muke sallah a masallaci ɗaya ya fahimtar da ni cewa wannan lalura ce da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani. Ƙungiyarsu ta Amurka ta ware ta a matsayin cuta mai zaman kanta a 2013, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa ta a sabon kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022. Alamarta ita ce mutum ya kasa rabuwa da abu ko da ba shi da daraja, ya shiga ƙunci mai tsanani idan aka ce a zubar, har kayan su hana shi amfani da wurin kwanansa ko na girki. Sau da yawa tana farawa tun ƙuruciya, tana ƙaruwa da shekaru, kuma kwashe kaya da ƙarfi ba ya maganinta.

Mutanen gida suna cewa rowa ce, ni kuwa ban yarda ba, domin matar da ba ta taɓa barin almajiri ya wuce da kwano wayam ba, ba za a kira ta marowaciya ba. Ba kuma irin ɓoyon 'yan kasuwa ba ne, masu danne hatsi sai ya yi tsada, don ita ba riba take jira ba. Ta ga farin da aka yi a 1973 tana da ƙananan yara, ta kuma rasa mijinta da wuri, kuma ina kyautata zaton tsoron rashi ne ya zauna mata a zuciya.

Yanzu mun sauya salo. Duk Juma'a bayan la'asar ina zuwa mu zauna, ta ɗauko leda guda, ita da kanta ta zaɓi abin da za a fitar, ko da abu uku ne. Ta amince an mayar da risho tsakar gida, an kuma buɗe rabin taga. Ina lallaɓa ta mu je Asibitin Malam Aminu Kano ta ga likita, ba ta amsa ba tukuna, ni ma ban matsa ba.

Roƙona gare ka shi ne, tunda tana jin maganarka tun muna yara, idan ka kira ta kada ka ambaci shara ko tarkace. Ka tambaye ta lafiyar bayanta da kwanan tabarma, ka ce za ka so ka same ta a kan gadonta in ka zo da babbar sallah.

Ka gaida uwargida da yara. Hajiya tana gaishe ka.

Naka amini,
daga Kano.