Wanke ƙafa ba wasan kwaikwayo ba ne

Malam Edita,

Barka da aiki. Shirinku na rediyo na daren Alhamis mai Tsarki, wato Alhamis ta kafin Ista, ya ɓata mini rai, kuma har yanzu ban huce ba. Baƙon nan da kuka gayyato ya buɗe baki ya ce wai wanke ƙafa ɗan wasan kwaikwayo ne da 'yan Katolika ke yi sau ɗaya a shekara don masu ɗaukar hoto, mai gabatarwa kuma ta kwashe da dariya ta wuce tambaya ta gaba. Haba! Ba wanda ya taka masa birki a ɗakin nan?

Ni ba 'yar Katolika ba ce. A Ekklesiyar 'Yan'uwa, EYN, aka haife ni, a cikinta aka yi mini baftisma, kuma tun da aka kafa ta a Garkida a 1923 wanke ƙafa yake tafe da Jibin Ubangiji, wato cin abinci tare don tunawa da jibin Yesu na ƙarshe, a wurinmu. Ba mutum goma sha biyu ake zaɓa a jera a gaba ba. Kowa yana wankewa, kowa ana wanke masa, maza a gefensu, mata a namu. Ki ɗaura tawul a ƙugu, ki durƙusa, ki jawo daro, ki kama ƙafar wadda ke kusa da ke. Ba ke kike zaɓar ta ba. Matar fasto ce ko mai tallar ƙosai, ko ma wadda kuka yi sa-in-sa da ita a kan kuɗin adashi, duk ɗaya ne. In kin gama ki goge mata, ku tashi ku rungumi juna, sannan ki kwance tawul ɗin ki miƙa mata.

Bayan da Boko Haram suka shiga Mubi a watan Oktoban 2014, suka kore mu har daga hedikwatarmu ta Kwarhi, mun yi Jibi a wata majami'ar aro inda muka yi gudun hijira. Ranar ƙafar wata tsohuwa ce ta faɗo hannuna. Da ƙafa ta ratso daji. Dugaduganta duk faso, farcen babban yatsanta ya cire, wurin ya yi baƙi. Da ruwa ya taɓa ta sai ta ja ƙafar baya, ta ce, “'Yata, bar shi, ba ta taɓuwa.” Na ce, “Mama, kawo.” A hankali na riƙa zuba ruwan da tafin hannu don kada ya yi mata zafi, har ruwan daron ya koma ja kamar na kududdufi. Babu mai kyamara a wurin ko ɗaya. Wannan ne baƙonku yake kira wasa?

Da ma ya buɗe Yohanna sura 13 a Littafi Mai Tsarki kafin ya zo gidan rediyo. Yesu bai tsaya a kan wanke ƙafafun almajiransa ba, umarni ya ba su cewa su ma su yi wa juna haka. A ƙasar da ake tafiya da takalmin fata cikin ƙura, aikin bawa ne wannan, shi ya sa Bitrus ya ce atafau ba za a wanke masa ba, sai da Ubangiji ya gaya masa in bai yarda ba, ba shi da rabo tare da shi. Yahuza ma, wanda ya riga ya ƙulla cin amana, yana zaune a wurin.

Su 'yan Katolikan da ya yi wa shaguɓe, ba zan ce ko'ina daidai ake yi ba. Na san akwai inda manyan mutanen coci masu safa da turare kaɗai ake jerawa, ƙafar da aka riga aka cuɗe a gida. Amma ai Paparoma Francis gidan yarin matasa ya nufa a Roma a 2013, ya wanke ƙafafun fursunoni har da 'yan mata da Musulmi, ya sumbace su. A 2016 ya sauya dokar aka fara haɗawa da mata a layin waɗanda ake wanke wa ƙafa, kuma a shekarar ya durƙusa gaban 'yan gudun hijira, cikinsu har da 'yan Nijeriya huɗu. Baƙonku bai ji wannan ba, ko kuwa ya ji ya ƙi faɗi ne?

Abin da ya fi ci mini rai, maƙwabciyata Musulma ce, tare muke sauraro a tsakar gida. Ta juyo ta ce, “Ashe wasa kuke yi?” Me zan ce mata, alhali daga rediyo ta ji?

Ku nemo faston EYN ko wani Fada na Katolika ku ba shi ko da minti goma ne ya gyara ɓarnar nan. Sannan don Allah wannan layin wayar da kuke karantowa, ko ku gyara shi ko ku daina karanto shi. Ranar na yi ta bugawa har katina ya ƙare, waƙa kawai ake sa mini, ba wanda ya ɗauka.

Taku,
Wata mai sauraro daga Mubi