Lilon da ya shekara bai ga giris ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu in amayar da abin da ke cina tun Ƙaramar Sallah. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Bebeji, nakan kuma taɓa noman rani. Bana na cika wa yara alkawarin yawon Sallah a birni, nawa uku da na ƙanena biyu, da uwargida. Sai da na sayar da buhun masara kafin kuɗin mota da na shiga su haɗu.

Wurin wasan da muka je ba zan kama sunansa ba. Kuɗin ƙofa daban, kowane lilo da nasa kuɗin, duk mun yarda mun biya. Autata ta ruga ta zaɓi wani farin doki a lilon dawakai, ashe kunnensa ɗaya ya ɓalle, wuyan kuma da waya aka ɗaure shi. Da aka kunna sai abin ya kama kuka, ƙiii ƙiii, kamar amalanken da aka manta a bayan rumbu. Jirgin ƙasan yara ya yi rabin zagaye janareta ya mutu, yara suka zauna cikin rana tsaka suna jiran a sayo mai. Famfo ba ko ɗigo. Banɗaki kuwa, bari in yi shiru, wataƙila wani na karatu yana cin abinci.

Na ga noti ya kwance a jikin wani lilo, na ce wa yaron da ke karɓar tikiti, "Samari, dubi nan." Ko sunkuyawa bai yi ba, ya ce, "Baba, haka yake tun bara, ba ya komai." Wannan maganar ta fi zafin ranar ƙona ni.

Masu irin waɗannan wurare in an yi ƙorafi sai su ce hassada ce, ko 'yan adawar kasuwa ne. Ai gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wanda bai damu da wuri ba ba ya ɓata bakinsa a kai, ƙafa kawai yake ɗaukewa. Mai surutu shi ne wanda ya zo bara, ya dawo bana, yake kuma so ya dawo baɗi. Mu mutanen karkara ba mu cika rubutu a Facebook ba, amma muna da majalisa da kasuwar mako. Ranar da aka koma makaranta, kafin a tashi tara, ajina gaba ɗaya ya san labarin dokin da ba kunne.

Yabo ma haka yake tafiya, a kan ƙaramin abu. A wurin nan akwai wani dattijo da ya share gindin dalbejiya tas, ya yayyafa ruwa, ya shimfiɗa tabarmi, ya jera butoci don masu salla. Har yau in uwargida na ba maƙwabta labari, da shi take farawa.

Ko Disneyland, babban wurin wasa na Amurka da ake kuranta ta, da ƙafar hagu ta fara. Ranar buɗe ta, 17 ga Yuli 1955, kwaltar ba ta gama bushewa ba, takalman mata masu tsini suna nutsewa a ciki. Famfunan shan ruwa ba su aiki saboda masu aikin famfo sun yi yajin aiki, ga tikitin jabu ya sa jama'a sun yi wa wurin yawa. 'Yan jarida suka yi musu kaca-kaca. Walt Disney, wanda ya kafa wurin, bai tsaya cacar baki ba, gyara ya kama. A yanzu kullum da dare, bayan an rufe ƙofa, ake wanki da fenti da duba injuna, kuma masoyan wurin in suka ga fenti ya ɓare ko ƙwan fitila ya mutu sai su yi ta magana, don an saba musu da tsaf-tsaf.

Mu a nan gini bai taɓa gagarar mu ba. Dattawan yankinmu har gobe suna yabon marigayi Audu Baƙo, wanda ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975, saboda dam ɗin Tiga da Bagauda da Gidan Zoo. Suna ba mu labarin yadda ake tururuwa daga nesa a zo shan iska a bakin ruwa. Abin da ke ba mu wuya shi ne bayan an yanke ƙyalle an watse: wa zai sayi giris, wa zai biya mai walda, wa zai zagaya da sifana kowace safiya?

Don haka roƙona biyu ne. Masu wuraren nan su ware wani abu daga cinikin Sallah don gyara tun kafin a raba riba. Hukuma kuma ta tura masu duba lafiyar injuna kafin Babbar Sallah, kada a jira sai sarƙa ta tsinke da ɗan wani a kai.

Auta ta tambaye ni jiya ko an maida wa farin dokin kunnensa. Na ce mata zan tambaya a jarida.

Naku,
Wani malamin firamare daga Bebeji, Jihar Kano