Rahoton Ayyukan Shekara: Horo a Fannin Hoton Jikin Yara da Makomar Masu Son Shigarsa

Assalamu alaikum, shugabanni, malamanmu da sauran 'yan'uwa mambobi.

Kwamitin zartarwa na gabatar muku da bayanin abin da ƙungiyarmu ta gudanar a shekarar da ta ƙare. Kamar yadda babban taron bara ya umarta, mafi yawan ƙarfinmu ya tafi ne ga horar da likitoci da ma'aikatan ɗaukar hoto a kan jikin ƙananan yara, domin fiye da kashi 40 cikin 100 na 'yan Nijeriya ba su kai shekara 15 ba, alhali yawancinmu a jikin manya muka koyi aikin, kuma kullum jarirai da 'yan yaye ne ke cika layin ɗakin hoto.

Aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne koyar da sikanin jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa ga yara masu amosanin jini, wanda muke kira TCD. Tun a 1998 binciken STOP da aka yi a Amurka ya nuna cewa yaron da gudun jininsa ya kai santimita 200 a daƙiƙa a wannan awo yana cikin babban haɗarin shanyewar ɓarin jiki, kuma ƙarin jini a kai a kai yana kare shi. Gwajin da aka gudanar daga baya a arewacin ƙasar nan, wanda Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ke cikin cibiyoyinsa, ya ƙarfafa amfani da maganin hydroxyurea a inda ƙarin jinin kowane wata ya gagari iyaye. Ke nan magani yana nan, abin da ya yi ƙaranci shi ne hannun da zai riƙe na'ura ya auna yaro sau ɗaya a shekara, daga shekara 2 zuwa 16. Saboda haka muka haɗa kowane mai koyo da gwani guda, ya riƙa aunawa a gabansa har sai sakamakonsu ya daidaita. Abin da ya fi ɓata wa kwamiti rai shi ne wasu daga cikin waɗanda suka gama sun koma asibitocin da ba su da kan na'urar da ake wannan awo da shi, kuma hannun da bai yi aiki ba yakan mutu cikin 'yan watanni.

Mun kuma yi bita a kan gano hanjin da ya zarme cikin ɗan'uwansa da warware shi da ruwan gishiri ana kallo a sikanin, wanda kan kuɓutar da jariri daga tiyata idan an kawo shi da wuri. A ranar 8 ga Nuwamba, ranar da Röntgen, masanin kimiyya ɗan Jamus, ya gano hasken da ke ratsa jiki (X-ray) a 1895, mun gabatar da lacca a kan rage wa yara wannan haske, musamman a na'urar CT mai ɗaukar hoton cikin jiki yanki-yanki, tun da jikinsu ya fi na manya saurin cutuwa da shi kuma shekarun da ke gabansu sun fi yawa.

Game da makomar aiki, ɗalibai da sababbin likitoci sun yi mana tambayoyi masu nauyi, kuma mun ba su amsa ba tare da ƙawa ba. Likita zai fara ne da neman ƙwarewa a fannin hoton asibiti gaba ɗaya, ya ci jarrabawar share fage da kashi na ɗaya da na biyu a ƙarƙashin Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa ko Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, sannan ya karkata ga yara. Mai son zurfafawa yakan nemi gurbi a waje, a wurare irin su asibitin yara na Red Cross da ke Kef Tawun a Afirka ta Kudu, kuma ba kowa ke dawowa ba. Gaskiya ne cewa cibiyoyin hoto masu zaman kansu sun fi samun riba a hoton manya, amma kwamiti na ganin cewa wanda ya iya karanta hoton ƙirjin yaro mai tarin fuka, ya kuma iya sikanin kan bakwaini, asibitocin koyarwa na Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Kano wuraren aikinsa ne, ga kuma damar karanta wa asibitocin karkara hotuna ta intanet.

Kwamiti na neman amincewar wannan taro a kan abu biyu: a daina ɗaukar mai koyon TCD sai da takardar shugaban asibitinsa da ke tabbatar da cewa akwai na'ura, sannan a ware wani kaso na kuɗin rajista domin tallafa wa mamba guda da ya samu gurbin horo a waje, bisa sharaɗin ya dawo ya koyar da na baya. Ma'aji zai gabatar da bayanin kuɗi kafin a kaɗa ƙuri'a.

Sakatare, a madadin kwamitin zartarwa