Maganar Baba ce ta sa na rubuto

Assalamu alaikum mutumina,

Shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ni dai na gaji da jiran ka fara nema na, na san halinka, yanzu sai kace aiki ne ko ka ɗora wa netwok laifi. Ya iyali, ya jikin Hajiya, ya ɗan autan nan mai cizo? Akwai tambayar da nake son maka kan takardun nan naka, amma bari na fara sauke abin da ya cika min ciki.

Baba ne. Tun da ya zame a banɗaki, kuma Alhamdulillah ba karaya, Yaya ta kafa doka: ba fita, ba sunkuyo, ko ruwa zai sha sai an miƙo masa. Ka dai san Yaya in ta yanke hukunci. Mutumin da a da ko ɗaure shi kayi ba ya zama, yanzu daga gado sai kujera, daga kujera sai kallon talabijin har barci ya kwashe shi. Kuma ya fara maimaita magana, ya tambaye ni labarinka na faɗa masa, ba a jima ba ya sake tambaya, kowa a gidan sai cewa yake ai gigin tsufa ne a ƙyale shi. Likitan da ke duba masa hawan jini kuwa faɗa ya yi, yace zaman nan ya fi ba shi tsoro a kan faɗuwar.

Shi ya sa na shiga bincike, kar ka yi dariya. A 2024 kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya lissafo abubuwa 14 da in an magance su za a iya kauce wa ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon mantuwa, a ciki akwai rashin motsa jiki, hawan jini, ciwon suga, raguwar ji, raguwar gani, shan taba da kaɗaici. Wallahi ina karantawa ina ganin Baba, hawan jini yana da shi, kunnen sai an ɗaga murya, abokan hira sun daina ganinsa, ga zaman, duk sun taru a kujera ɗaya. Akwai kuma wani bincike na Birtaniya da ya fito a 2022, mutum sama da 78,000 aka ɗaura wa na'urar ƙirga taku a hannu, masu yin kusan taku 9,800 a rana haɗarin ya ragu musu da kusan rabi, masu 3,800 ma ya ragu da kashi 25. Na biyun nan ne ya kwantar min da hankali, don Baba ba zai yi dubu tara ba ko an biya shi. Ba wai magani ba ne fa, wasu ƙwaƙwalwar ce ke fara taɓuwa sannan tafiyar ta ragu, to lissafin yana da gardama. Amma dai abin da ke gyara jijiyoyin jini yana gyara masu kai jini ƙwaƙwalwa, kuma tsohon da ya fita dole ya tuna hanya, ya gane fuska, ya yi musu da wani, wannan ma aiki ne.

Kai ma ina jiye maka, na ga hotonka, wannan tumbin ba na lafiya ba ne malam, mutumin da ke shiga mota don ya je ƙarshen layi. Af, mutuminka ya sayar da motar nan tasa mai sai-an-tura, wai har riba ya ci, ni dai ina tausayin wanda ya saya. Kuma sun shirya da ƙaninsa, ba wanda ya san wa ya fara ba da haƙuri.

Abin da na kasa fahimtar da Yaya shi ne zama ke kashe ƙafa, ƙafar da ta mutu kuma ita ke kayar da mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa ta yi wanda ya kai 65 ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, da atisayen ƙarfi da daidaita tsayuwa kwana 3 a mako, saboda faɗuwar da Yaya take tsoro ɗin. Ni ba gudu nace ya yi ba, a bar shi ya wanke kofinsa, ya ba shukokinsa ruwa, ya tashi daga kujera da kansa, da yamma ya zaga da sanda wani na gefensa. Da na faɗa mata sai tace in ya sake faɗuwa ni zan yi jinya.

Don Allah ka kira ta, kai tana jin maganarka, har yau ban san me ka ba ta ba. Kar dai kace ni na turo ka. Ka gaida Hajiya da madam, ka ja min kunnen mai cizo.

Naka har kullum.