Mun yi gardamar ceton wanda ba mu je nemansa ba

Zuwa ga Edita,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili domin in yi magana da 'yan'uwana Kiristoci masu jin Hausa da ke zaune a nan Legas. Na san yawancin masu karanta wannan jarida Musulmi ne, waɗanda muke maƙwabtaka da su a Agege da Idi-Araba da Mile 12 shekara da shekaru, ina kuma roƙonsu su yi haƙuri da ni, domin magana ce ta cikin gida, sai dai ban ga inda zan samu kunnen mutanenmu da suka warwatsu daga Ketu har Ajah a lokaci guda ba in ba a wannan shafi ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata gardama ce da ta ɓarke a ajin nazarin Littafi Mai Tsarki na ikilisiyarmu. Akwai wani saurayi ɗan ƙasarmu da ya zo Legas yin acaba, shi ne yake kaɗa mana ganga a ƙungiyar mawaƙa, kuma ba a taɓa buɗe sujada ba a same shi a zaune ba. Da gwamnatin jiha ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, daga 1 ga Yuni 2022, babur ɗinsa na cikin waɗanda aka kama. Daga nan zuwansa ya fara ja da baya, har aka daina ganinsa gaba ɗaya, sai labari ya riƙa zuwa cewa an gan shi a mashaya, kuma ya ce wa wani shi ya gama da zancen addini. Ranar da wata baiwar Allah ta tambaya a aji ko har yanzu yaron nan yana da ceto, sai wani dattijo ya buɗe 1 Yahaya 2:19, inda aka ce waɗanda suka fita daga cikinmu dama can ba namu ba ne, ya yanke cewa yaron bai taɓa tuba da gaske ba. Wani dattijon ya buɗe Ibraniyawa 6:4-6, ya ce yaron ya ɗanɗana baiwar sama ya zubar, don haka ƙofa ta rufe. Mun shafe kusan awa biyu a kan wannan, har mata suka fara tattara yaransu, amma da aka tambayi inda yaron yake kwana, babu wanda ya sani a cikinmu. Ni da nake rubuta wannan wasiƙa, lambarsa tana cikin wayata tun zuwansa Legas, kuma wata takwas ban danna ta ba.

Ban raina tambayar ba, domin ta girmi dukanmu, kuma ba abin mamaki ba ne ta raba mu, tun da ikilisiyoyin Hausa a Legas taron dangi ne: wannan ya taso a ECWA, wancan a COCIN ko EYN ko Baftis, wani kuma ya zaga ikilisiyoyin Fentikos na cikin gari kafin ya dawo, kowa da abin da aka koya masa. Masu bin koyarwar Jon Kalbin, malamin da ya ce ceton mai bi na gaskiya ba ya kuɓucewa, suna riƙe da Yahaya 10:28-29, inda Yesu ya ce babu mai ƙwace tumakinsa daga hannunsa, da ƙarshen Romawa 8, da Filibiyawa 1:6 mai cewa wanda ya fara kyakkyawan aiki a cikinmu shi zai kammala shi. Masu cewa ceto yana iya kuɓucewa kuwa, wato waɗanda suka bi Yakubu Arminiyus, da Jon Wesli bayansa, wanda Metodis ɗinsa suka sauka Badagry tun 1842, suna nuna reshen da aka yanke aka jefa wuta a Yahaya 15:6, da 2 Bitrus 2:20-22, da gargaɗin Bulus cewa wanda yake tsammanin yana tsaye ya yi hankali kada ya fāɗi. Katolika kuma suna koyar da cewa babban zunubi yana raba mutum da alherin Allah, amma tuba da furta zunubi a gaban fada suna maido shi.

Abin da dattawanmu biyu ba su lura da shi ba shi ne, malaman da kowannensu yake jingina da su ba su yi saurin yanke hukunci irin nasu ba. Almajiran Arminiyus, a takardar da suka rubuta a Holan a 1610, da suka zo kan wannan batu sun ce sai an ƙara bincika Nassi kafin su tsayar da magana, daga baya ne suka tsaya a kan cewa mai bi yana iya fāɗuwa. Babban taron mabiya Kalbin a garin Dort na Holan, na 1618 zuwa 1619, wanda ya ƙi ra'ayinsu ya tabbatar da cewa tsarkaka za su jimre har ƙarshe, shi da kansa ya yarda cewa mai bi na gaskiya yana iya abkawa cikin mummunan zunubi, ya kawo misalin Dawuda da Bitrus, ya ce irin wannan mutum yana iya rasa jin daɗin alherin Allah na wani lokaci kafin Allah ya komo da shi. Ke nan ko a wajen mabiya Kalbin, ganin mutum a mashaya yau ba hujja ba ce cewa bai taɓa zama ɗa ba. Wesli kuwa, wanda ya yarda ceto yana iya kuɓucewa, yana da wa'azi guda da ya keɓe domin kiran waɗanda suka ja da baya, inda ya dage cewa hanyar komowa a buɗe take gare su.

Tarihin da ya fi taɓa ni ma a nan Afirka ya faru. A shekara ta 250 Sarkin Rum Desiyus ya umarci kowa ya miƙa hadaya ga gumaka ya karɓi takardar shaida, Kiristoci da yawa kuma suka miƙa saboda tsoro, wasu suka ba da toshiya suka sayi takardar ba tare da sun yi hadayar ba. Da ƙura ta lafa suka dawo ƙofar ikilisiya suna kuka. Nobatiyan, wani malamin ikilisiya a birnin Rum, ya ce ikilisiya ba ta da ikon karɓar wanda ya yi ridda. Sifiriyan, bishop na Kartaj a ƙasar da muke kira Tunisiya yau, ya tara sauran bishop-bishop a 251, suka tsayar cewa ba za a rufe ƙofa ba, ba kuma za a karɓe su kamar babu abin da ya faru ba, sai a duba nauyin laifin kowa a ba shi lokacin tuba gwargwadonsa. Shi Sifiriyan ɗin nan an sare masa kai a 258 saboda bangaskiya, don haka ba wanda zai ce sassaucinsa na rashin ɗaukar ridda da muhimmanci ne. Idan mutanen da suka ƙona turare a gaban gunki an bar musu hanya, ban ga dalilin da zai sa mu toshe ta ga yaron da talauci ya kayar ba.

In za a tambayi ra'ayina, na fi karkata ga cewa wanda Allah ya riƙe ba ya sakinsa, domin na san zuciyata, da ceto a hannuna yake da tuni na yar da shi a tsakanin Oshodi da Obalende. Amma ban yarda da yadda wasu suka mayar da wannan koyarwa lasisi ba, wai tun da mutum ya ɗaga hannu a taron farfaɗowa shekara ashirin da suka wuce, ya yi abin da ya ga dama. Gargaɗin da ke cikin Ibraniyawa ba ado ba ne, an rubuta shi ga mutanen da suke cikin taro suna jin wa'azi, kuma marubucin, bayan kalmominsa masu zafi, a aya ta 9 ta wannan sura ta 6 ya ce yana da tabbacin abin da ya fi haka game da su. Mu kuwa mun ɗauki ayar da aka ba mu domin mu binciki kanmu mun mayar da ita ma'aunin auna wanda ba ya nan. A daren da aka kama Yesu, da an tsayar da Bitrus da Yahuza a gabanmu, ɗaya ya sayar ɗaya ya ce sau uku bai san shi ba, har da rantsuwa, wane dattijo ne a cikinmu zai iya nuna wanda zai komo? Dimas da Bulus ya lissafa cikin abokan aikinsa a wasiƙar Filimon, shi ne daga baya Bulus ya ce ya yashe shi saboda ƙaunar duniyar nan, kuma Nassi bai gaya mana yadda ya ƙare ba. Abin da Nassi ya gaya mana a fili shi ne aikinmu, a ƙarshen wasiƙar Yakubu da farkon Galatiyawa 6: a komo da wanda ya bauɗe, a yi shi da tawali'u.

Bayan wannan aji na kira yaron, sai a kira na huɗu ya ɗauka. Na same shi yana gadi a wani gida a Lekki, ɗakinsa na bakin ƙofa bai fi a shimfiɗa tabarma ɗaya ba, da risho a kusurwa, da rigarsa ta mawaƙa a rataye a ƙusa cikin leda. Ya ce mini, "Baba, ranar da aka kama babur ɗina saura kuɗin wata huɗu in gama biyan mai shi, kuma har yau ina biya. Lahadi maigida ba ya barina in matsa ko nan da can. Da na yi wata biyu ban zo ba kunya ta kama ni, da na yi wata shida babu wanda ya neme ni sai na ce ashe gangar ake so." Ya yarda yana sha, ya kuma gaya mini ba tare da ɓoye-ɓoye ba cewa ya daina addu'a, domin bai ga amfanin da ta yi masa ba. Ban karanta masa Ibraniyawa ba, ban kuma ce masa kada ya damu ceto tabbas ne ba, domin ban san abin da ke tsakaninsa da Allahnsa ba. Na roƙi gafararsa a kan wata takwas ɗin nan.

Roƙona ga Rabaran-Rabaran da dattawan ikilisiyoyinmu na Legas shi ne su duba yadda aikin garin nan yake cin mutanenmu. Masu gadi da 'yan aikin gida da masu dako da direbobi su ne rabin taronmu, kuma da yawansu ba su da Lahadi, ga kuɗin mota daga Ajah zuwa Agege da dawowa yana iya cinye abincin mutum na kwana biyu. Muna da littafin da ake rubuta zakka da baiko ba a tsallake ko sisi, ya kamata a samu wanda ake rubuta sunan duk wanda ya yi Lahadi uku ba a gan shi ba, a kuma ɗora wa mutum guda nauyin zuwa inda yake. Zumuntar mata sun riga mu a wannan, su ba sa barin mace ta ɓace musu haka, maza ne muke sakaci. Horon ikilisiya ma, wanda ake zaunar da mutum a bencin baya a hana shi jibin Ubangiji, an kafa shi ne domin gyara, amma na ga inda aka sa mutum a horo aka manta ranar da za a fitar da shi.

Yaron bai dawo sujada ba har yau da nake rubutu. Ina zuwa wurinsa Laraba da yamma idan maigidansa ya fita, mu zauna a benci a bakin ƙofa mu sha shayi, wani lokaci ya yarda in yi addu'a, wani lokaci ya ce in bari. Makon jiya da zan tafi ya tambaye ni ko an sauya fatar babbar gangar nan da ta tsage, da kuma wanda yake kaɗa ta yanzu.

Na gode, ranka ya daɗe.

Naka,
Wani mai karatu,
Agege, Legas.