Rahoton Ayyukan Shekara: Muryoyin Unguwannin Jidda da Makomar Ɗalibanmu

Assalamu alaikum iyayenmu malamai da 'yan uwa mambobi.

Bana kusan duk ƙarfinmu ya tafi ne kan naɗar hirar dattawan da rusau ya tasa. Tun ƙarshen 2021 hukuma ta soma rushe unguwannin Jidda da take kira marasa tsari, irin su Gulail, Karantina da Fetromin, inda Hausawa suka daɗe da zama. Mun bi mutane har gidajen hayar da suka koma. Wata gwaggo, wadda kakanta ya zo hajji a ƙasa, ya ratso Sudan ya tsallako teku daga Sawakin, ta zana mana layinsu da yatsa a kan faranti: ga masallaci, ga mai tsire, ga inda take kafa tandar masa. Takardar fili ko ɗaya ba ta da ita. Diyya kuwa ta 'yan ƙasa ce; baƙo mai iƙama (takardar izinin zama) sai dai ya kwashe komatsansa.

A zaman karatunmu mun ɗora wannan kan tarihin garin. An rushe ganuwar Jidda a 1947, Balad kuma, wato tsohon cikin garin, ta shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2014, ana ta gyara gidajenta na dutsen murjani. Wa ke zaɓar abin da za a adana? Muka duba taswirorin Amurka na shekarun 1930, waɗanda aka shafa wa unguwannin baƙar fata jan launi bankuna suka riƙa hana su rance, da unguwar District Six ta birnin Cape Town a Afirka ta Kudu da aka mayar ta farar fata zalla a 1966. Gardama ta yi zafi. Wasu suka ce kwatancen bai dace ba, tunda nan magana ce ta takarda da zama ɗan ƙasa, ba dokar launin fata ba. Ni dai a ganina gaskiyarsu, amma mai bincike ya kamata ya tambayi su wa aka fi samu ba takarda, kuma me ya jawo.

Masu niyyar koyarwa a jami'a sun zauna da wani malaminmu. Bai ɓoye musu komai ba: baƙo a nan aikin kwantiragi yake samu. Ya ce a riƙe Larabci don karanta tsofaffin takardu, a koyi zana taswira a kwamfuta, a fara wallafa bincike tun kafin digiri na uku. Wasu sun fara tuntuɓar sashen tsara birane na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.

Inda muka gaza: yawancin hirarrakin har yanzu suna cikin wayoyi, ba a rubuta su ba, kuɗin wata-wata ma ya yi ƙaranci. Duk mai iya rubuta Hausa da Larabcin Hijaz ya ga sakatare bayan taro.